Statechain: Bitcoin ɗin da ke sauya mai shi bai motsa ba, da fatent ɗin da ke laɓe a hanya

A watan Oktoban 2018, wurin taron Scaling Bitcoin a Tokiyo, Ruben Somsen ya gabatar da wata dabara da ya raɗa wa suna Statechain. Maganarsa a taƙaice ita ce, wai me yasa duk sanda Bitcoin zai bar hannun wani ya koma na wani sai an je an rubuta a bulokcen, wato babbar rijistar da ake rubuta duk wata tura Bitcoin a ciki, alhali ana iya barin kuɗin zaune inda suke a sauya mai iko da su kawai. Wannan lamarin nake so mu bi tun daga tushe, don ni a ganina nan ne aka fi ganin yadda takardar mallakar ƙirƙira, wato fatent, take taɓa harkar kiripto, kuma ba ta inda yawancinmu muke zato ba.

Dalilin neman wata hanya a wajen bulokcen ba ɓoyayye bane. Bulok ɗaya, wato sabon shafi a wannan rijistar, ake samu kusan duk minti 10, wurin da ke cikinsa kuma ƙayyadadde ne, in cunkoso ya yi yawa sai a koma gwanjo, wanda ya fi biya shi ake fara ɗauka. A Disambar 2017 matsakaicin cajin tura kuɗi sau ɗaya ya haura dala 50, kaga mai son tura na dala 20 ai sai dai ya haƙura. Ga kuma tonon asiri, duk abin da ya hau bulokcen ya hau kenan, kowa na iya bin sawu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta kamfanonin musaya, ni da kai muna da asusu a wuri ɗaya, na tura maka, su rage a shafina su ƙara a naka, bulokcen bai ma san anyi ba. Sauri kam akwai, amma kuɗin ba a hannunka suke ba, wanda ya ga durƙushewar kamfanin musaya na Mt. Gox a 2014 da Bitcoin kusan 850,000 da suka yi ɓatan dabo, ko FTX a Nuwamban 2022, baya buƙatar dogon bayani. Sai ta hannu da hannu. Mike Caldwell a jihar Yuta ta Amurka ya fara buga tsabar ƙarfe mai suna Casascius a 2011, makullin sirri, wato lambar da ke ba mutum ikon kashe kuɗin, na ɓoye ƙarƙashin wani tambari mai ƙyalli wanda in aka ɓare shi baya komawa yadda yake, ka miƙa wa mutum tsabar ka miƙa masa kuɗin. A 2013 FinCEN, hukumar Amurka mai yaƙi da laifukan kuɗi, ta aiko masa da wasiƙa cewa abin da yake yi sana'ar tura kuɗi ce mai buƙatar rajista, daga nan ya daina sayar da masu kuɗi a ciki. Ku lura da abu ɗaya, Bitcoin ba wanda ya iya aika masa wasiƙa, amma Caldwell yana da gida da adireshi.

Yadda abin yake aiki

Asalin matsalar miƙa makulli ita ce makullin lamba ce kawai. In na baka ita ban rasa ta ba, ina da kwafi a kaina ko a takarda, gobe in ga dama in riga ka kwashe kuɗin. Shi yasa Caldwell ya ɓoye tasa ƙarƙashin tambari, shi yasa Opendime da kamfanin Coinkite na Kanada ya fito da ita a 2016 take kulle lambar cikin ɗan ƙarfen USB, mai ita ma bai santa ba sai ya huda. To amma waɗannan sai an haɗu ido da ido. Tambayar Somsen ita ce ya za a yi haka ta intanet.

Amsar ita ce a raba makullin gida biyu, rabi a hannun mai kuɗi, rabi a hannun mai wata sabar, wato kwamfutar da ke yi wa mutane hidima ta intanet, da ke tsakani, ba wanda zai iya sa hannu, wato bada izinin tura kuɗin da makullin, shi kaɗai. Bari in yi misali da ƙananan lambobi, duk da cewa na gaskiyar lambobi ne masu tsawon kusan 77 a jere kuma lissafin nasu zagayawa yake. A ce cikakken makulli 60 ne. Mai sabar na riƙe da 6, mai kuɗi na farko na riƙe da 10, 6 sau 10 ya bada 60, amma ba wanda ya taɓa ganin 60 ɗin da idonsa, kowa nasa kawai ya sani. Yanzu na farko zai sayar wa na biyu. Na biyu ya zaɓi tasa lambar a ɓoye, a ce 15, sai su ukun su yi wani ɗan musayar saƙonni da aka lulluɓe da lambar bogi ta yadda ba wanda zai gano ta ɗan uwansa, a ƙarshe mai sabar ya tashi da 4. To 4 sau 15 dai 60 ne, adireshin da kuɗin suke bai canza ba, bulokcen na barcinsa. Shi kuma na farko da 10 ɗinsa, in ya haɗa da 4 sai ya samu 40, wadda bata buɗe komai.

Kun ga inda gizo ke saƙar ko? Dole mai sabar ya goge 6 ɗin nan. In ya ajiye ta a ɓoye, shi da na farko suna iya haɗa baki su sake haɗa 60 su kwashe kuɗin na biyu, kuma ba wata hanya ta lissafi da mutum zai tabbatar maka ya manta wata lamba. Wannan shi ne amanar da ta rage a tsarin, duk wanda ya ce maka Statechain babu amana a ciki sam, bai gaya maka gaskiya ba. Abin da ya fi kamfanin musaya da shi shi ne mai sabar shi kaɗai ba zai iya taɓa ko sisi ba, in kuma da gaske ya goge a lokacin, to ko ɓarayin intanet sun fasa sabar daga baya tsoffin masu kuɗin basu da abin yi.

To in mai sabar ya ɓace fa? Nan ne takardar ko-ta-kwana take shigowa. Kafin kuɗin su shiga, ana sa hannu kan wata tura kuɗi da zata mayar wa mai shi kayansa a bulokcen, amma an ɗaure ta da wa'adi, ba zata yi aiki ba sai an kai wani bulok. Kowane sabon mai shi ana bashi tasa da wa'adin da ya fi na wanda ya gabace shi kusa. A ce na farko sai bayan bulok 1000, kusan mako guda kenan tunda ana samun kusan 144 a rana, na biyu 990, na uku 980, haka dai, don na ƙarshe ya riga kowa isa ƙofa. Illar a fili take, sau nawa za a iya miƙawa yana da iyaka, kuma dole ka fita ko ka sabunta kafin wa'adin wanda ya sayar maka ya cika, in ka yi sakaci ya buga tasa takardar, shikenan ka yi asara. Sannan dunƙulen kuɗin gaba ɗayansa ake miƙawa, babu canji, in na Bitcoin 0.1 ne to 0.1 zaka bayar ko ka bari.

Fatent ɗin da ya mutu amma aikinsa bai mutu ba

Abin da na bayyana a sama ba shi ne ainihin zanen Somsen ba, gyararre ne. Nasa zanen ya dogara da abubuwa biyu da Bitcoin bashi da su a 2018, ɗaya wani sauyi da ake kira eltoo wanda Christian Decker da Rusty Russell da Olaoluwa Osuntokun suka rubuta a shekarar, ɗayan kuma salon sa hannu na Schnorr. Me ya hana Bitcoin samun Schnorr tun farko? Fatent.

Claus Schnorr, masanin lissafi ɗan Jamus, ya ƙirƙiro salon sa hannunsa a ƙarshen shekarun 1980, ya yi masa fatent a Amurka mai lamba 4,995,082 wanda aka bashi a 1991. Salon nasa mai tsafta ne, lissafinsa miƙaƙƙe, makullin wane da na wane ana tara su kawai su bada makulli ɗaya. A 1991 ɗin hukumar NIST ta Amurka ta fito da nata salon mai suna DSA, wanda ke da wata karkatacciyar hanya ta raba lamba a tsakiyar lissafin, Schnorr ma ya yi ƙorafin an shiga gonarsa, amma dai duniya ta bi DSA da ɗansa ECDSA saboda su ba sai ka nemi izinin kowa ba. Su aka sa a ƙa'idoji, su aka rubuta a manhajoji irin OpenSSL, su aka gwada shekara da shekaru. Sanda Satoshi, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya zo rubuta shi a 2008 wa'adin fatent ɗin Schnorr ya zo gangara, amma me, babu daidaitacciyar ƙa'ida, babu gwadaddiyar manhaja a gabansa, sai ya ɗauki abin da ke kan tebur, ECDSA.

Wannan karkatar ce ta zo ta ciji masu Statechain bayan shekara 30. Raba makullin ECDSA tsakanin mutum biyu wahala ce, sai da Yehuda Lindell ya fito da hanya mai saurin da za a iya amfani da ita a 2017, ita ma sai an jingina ta da wani nau'in ɓoye bayani na Paillier, ƙarin lissafi, ƙarin wurin da kuskure zai iya ɓuya. A Maris 2020 Tom Trevethan na kamfanin CommerceBlock ya fito da gyaran da ya kauce wa jiran eltoo da Schnorr, shi ne wa'adi mai raguwa da sabunta rabon makulli da na yi misalinsa, daga nan aka gina walet ɗin Mercury da ya fara aiki a 2021. Schnorr bai shiga Bitcoin ba sai Nuwamban 2021 da gyaran da ake kira Taproot, a bulok na 709,632. Ku lissafa da kanku daga 1991. Ba a kai Satoshi kotu ba, ba a kai kowa ba, amma takarda ɗaya ta sa duk masana'antar ta bi doguwar hanya.

Haka labarin David Chaum. Shi ya ƙirƙiro sa hannu a makance tun farkon shekarun 1980, inda mai sa hannu zai sa ba tare da ya ga abin da ke cikin takardar ba, ya yi masa fatent, kamfaninsa DigiCash ya durƙushe a 1998, fatent ɗin kuma ya ci gaba da rai har 2005. Yau dabarar ce ke ƙarƙashin Cashu da Fedimint, wasu tsare-tsaren miƙa Bitcoin cikin sirri a wajen bulokcen, kuma da ita aka sake gina Mercury a sabon salonsa na Mercury Layer, inda mai sabar yake sa hannu bai san wane dunƙule yake wa ba. Wato kayan gini biyu mafi muhimmanci a wannan gida duk sai da suka yi zaman jiran mutuwar fatent.

Masu rai fa?

Ga yadda dokar take a taƙaice. Fatent na rayuwa shekara 20 daga ranar da aka shigar da takarda, kuma a mafi yawan ƙasashe ba a wallafa takardar sai bayan wata 18. Wannan wata 18 ɗin shi ne abin tsoro, kana iya zama ka ƙirƙiro abu da kanka, ka rubuta, ka saki kyauta, ashe wani ya riga ka shigar da makamancinsa yana aljihun ofishin fatent ba ka da hanyar gani. Kuma a fatent babu ruwan kotu da cewa ba kwafa ka yi ba, ko mafarkinsa ka yi in ya faɗa cikin iyakar da takardar ta zana ka taka. Ba kamar haƙƙin rubutu bane inda sai an nuna ka kwafa. Ƙari a kan haka, a Amurka in aka samu da gangan ka taka ana iya ninka diyya har sau 3, shi yasa zaka ga masu rubuta manhaja da yawa da gangan suke ƙin karanta fatent, wanda ya turo musu lamba ma haushinsa suke ji. Abin dariya ne in ka tuna dalilin kafa tsarin fatent shi ne a wallafa ilimi kowa ya karanta.

Sunan da ya fi tada hankalin mutane a nan shi ne nChain, kamfanin da Craig Wright, mutumin da ya yi iƙirarin shi ne Satoshi, ya yi wa aiki a matsayin babban masanin kimiyya. Tun 2017 Reuters ta ruwaito takardun neman fatent sama da 70 masu alaƙa da shi a Birtaniya, daga baya suka ƙaru sosai, kuma a cikinsu akwai masu magana kan raba makulli gida-gida da sa hannun haɗin gwiwa da miƙa ikon kadarar dijital, wato unguwar da Statechain ke zaune. Amma a yi hattara, taken takarda ba shi ne fatent ba. Abin da ke da ƙarfi a kotu shi ne jerin da'awowin da ke ƙarshen takardar, kuma sai abin da ka gina ya cika kowane sharaɗi na da'awa ɗaya kafin a ce ka taka, in tana da matakai 7 kai kana yin 6 to baka taka ba. Da yawa daga cikin firgicin da ake yaɗawa daga karanta taken ne kawai.

Wasu kuma suna cewa ai an gama da wannan tun da Wright ya sha kaye. A'a. Ƙarar da COPA, ƙungiyar kamfanonin kiripto kan harkar fatent, ta shigar a Landan, wadda Mai Shari'a James Mellor ya yanke a Maris 2024 cewa Wright ba shi ne Satoshi ba, magana ce ta waye ya rubuta farar takardar Bitcoin da waye ya ƙirƙiro shi. Ba shari'ar fatent bace, bata soke fatent ko ɗaya ba. Takardun na nan, kuma fatent kadara ce, ana sayarwa, ana gado, in kamfani ya karye ana gwanjonta.

Misalin wannan ya riga ya faru. BlackBerry ta sayi kamfanin Certicom a 2009, wanda ya tara fatent masu yawa kan irin lissafin da ECDSA ke tafiya a kai. A 2023 BlackBerry ta sayar da fatent kusan 32,000 ga wani kamfani Malikie Innovations, wanda sana'arsa karɓar kuɗin lasisi ce, a Mayun 2025 kuma Malikie ya maka MARA da Core Scientific a kotunan Teksas, manyan kamfanonin haƙar Bitcoin guda biyu. Duk mai kwamfutar da ke tantance bulok yana yin irin lissafin nan, amma wa aka kai ƙara? Masu ofis, masu hannun jari a kasuwa, masu asusun banki.

Nan ne nake ganin Statechain da 'yan uwansa suka fi Bitcoin ɗin kansa zama a fili. Bitcoin bashi da shugaba, dubban kwamfutoci ne a ƙasashe daban-daban, ka rufe goma ɗari su ci gaba. Amma da zarar ka fitar da miƙa kuɗi daga bulokcen, kusan kullum sai ka dawo da wani a tsakiya, mai buga tsaba, ko mai sabar, ko mai babbar tasha a Lightning, wata hanyar tura Bitcoin a wajen bulokcen, kuma shi wannan yana da suna da rajista da caji da yake karɓa wanda lauya zai iya lissafa kasonsa a kai. Amanar ma da tsarin ke buƙata ita ke tilasta masa fitowa fili, waye zai yarda wanda bai san ko waye ba ya goge 6 ɗin nan? Sai sananne, sananne kuma shi ake samu da sammaci.

Abin da mai sabar zai kare kansa da shi

Ba wai hannunsa wayam yake ba. Na farko akwai hukuncin Alice da CLS Bank na Kotun Ƙolin Amurka a Yunin 2014, wanda kamar don wannan lamarin aka yi shi. Alice kamfanin Ostareliya ne da ke da fatent kan wani na uku da zai riƙe rijistar wucin gadi tsakanin masu ciniki biyu don kada ɗaya ya cuci ɗaya, alƙalai tara duk suka ce wannan tsohon tunani ne na kasuwanci, cewa a yi shi da kwamfuta bai mayar da shi ƙirƙira ba. Don haka duk fatent ɗin da da'awarsa bata wuce "wani a tsakiya ya rubuta waye mai kuɗin yanzu" ba, da wuya ya tsaya da ƙafarsa. Sai dai wanda ya zayyana takamaiman lissafin sauya rabon makulli mataki-mataki, wannan Alice ba lallai ta kashe shi ba, a Turai ma ofishin fatent na kallon ɓoye bayani a matsayin aikin fasaha na gaske duk da dokarsu ta ce manhaja zalla ba a yi mata fatent.

Na biyu shi ne nuna cewa abin ba sabo bane. Raba sirri gida-gida Adi Shamir ya wallafa shi tun 1979. Sabunta rabon kowa ba tare da an canza asalin sirrin ba, Herzberg da Jarecki da Krawczyk da Yung sun wallafa a 1995. Jawabin Somsen na 2018 da rubutun Trevethan na 2020 suna nan da kwanan wata, duk wanda ya shigar da takarda bayansu kan abin da suka faɗa ya makara. Wannan ne ma dalilin da ya sa masu wannan harkar ke saurin wallafa tunaninsu tun bai nuna ba, garkuwa ce. Wanda aka shigar kafin nan shi ne abin dubawa.

Na uku mai ɗan daɗi ne. A dokar Amurka, in da'awar ta matakai ce, sai an iya jingina duka matakan ga mutum ɗaya kafin a kama shi, a Statechain kuwa mai sayarwa na yin nasa, mai saye nasa, sabar nata. Amma rikicin Akamai da Limelight ya rage faɗin wannan ƙofar a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta ce in kai ne ka gindaya wa kwastoma matakan da zai bi kafin ya amfana da hidimarka, to nasa ma a wuyanka suke. Mai sabar da ya rubuta walet ɗin ya kuma tsara yadda za a yi, da wuya ya ce ba ruwansa.

Sai masu cewa a kai sabar wata ƙasa tunda fatent iyakarsa ƙasar da ta bada shi. Gaskiya ne, amma BlackBerry ɗin nan dai ta gwada wannan hujjar a kotu. Sabar da saƙonninta ke bi tana Kanada, kamfanin NTP ya kai ta ƙara a Amurka, kotu ta ce tunda masu wayar a Amurka suke sarrafa tsarin suna cin moriyarsa to a Amurka aka yi amfani da shi, a Maris 2006 kamfanin, lokacin sunansa RIM, ya biya dala miliyan 612.5 aka rufe maganar. Wanda aka tatsa jiya, takardunsa ake tatsar wasu da su yau.

Duk waɗannan kariyar kuma kuɗi suke ci. Shari'ar fatent a Amurka in ta je ƙarshe miliyoyin daloli ce, ƙaramin kamfani mai ma'aikata 'yan ƙalilan ko yana da gaskiya ba zai iya sayen ranar da za a tabbatar masa da ita ba. Yawanci wasiƙar farko ta isa.

An yi ƙoƙarin haɗa kai. Blockstream ta yi alkawari a 2016 cewa ba zata yi amfani da fatent ɗinta ba sai don kare kai, Square ta kafa COPA a Satumban 2020 kan irin wannan alkawarin, Coinbase da Kraken da Meta duk suka shiga. Yana da amfani, amma alkawari mai shi kawai yake ɗaurewa. Kuma dabarar "in ka kai ni in kai ka" tana aiki ne kan mai sana'ar da za a iya tsayarwa, kamfanin da bashi da kaya a kasuwa sai takardu, da me zaka rama? Ko lasisin manhaja ma akwai bambanci, Apache 2.0 da GPL na 3 sun fito fili sun yi maganar fatent ɗin masu bada gudummawa, lasisin MIT da Bitcoin Core, babbar manhajar Bitcoin, ke kai ko ambatonsa bai yi ba, kuma duka ukun ba ruwansu da baƙon da bai taɓa sa hannu a manhajar ba.

Ranar da aka kashe sabar

Abin da ya shafi mai kuɗi kai tsaye shi ne wannan. A ce wasiƙa ta zo, ko kotu ta bada umarnin dakatarwa. A Amurka tun hukuncin eBay da MercExchange na 2006 irin wannan umarnin baya zuwa kai tsaye, musamman ga mai fatent da baya ƙera komai, sai dai diyya, amma a Jamus kotuna sun fi saurin bayarwa, ga kuma sabuwar kotun fatent ta haɗin gwiwar Turai da ta fara aiki a Yunin 2023 wadda hukuncinta ɗaya ke ratsa ƙasashe da dama. Ko ba umarni ma, lauyan kamfanin da kansa yana iya cewa a kashe kafin diyya ta taru.

Kuɗinka basu tafi ba, wannan shi ne alherin tsarin, takardar ko-ta-kwana na hannunka kuma bata buƙatar izinin kowa, kotu ma ba zata iya umartar mai sabar ya miƙa abin da rabin makullinsa kawai yake riƙe ba. Amma miƙawa ta tsaya cak. Kowa sai ya jira wa'adinsa ya fita ta bulokcen, ya biya cajin da tun farko gudunsa ya kawo shi, kuma in masu fitar suna da yawa a lokaci ɗaya su da kansu zasu tada farashin. Wanda wayarsa ta lalace bai ajiye takardar a wani wuri ba, ko ya yi tafiya bai duba ba har wa'adin wanda ya sayar masa ya cika, shi ne zai ji a jikinsa. Ga kuma tambayar na'urorin kamfanin da ya durƙushe, hannun wa zasu faɗa, da gaske an goge tsoffin rabon ko akwai wani tsohon kwafin ajiya da aka manta a wani faifai.

Spark da kamfanin Lightspark ya sanar a 2024 ya ɗauki wannan zanen ya raba rabin mai sabar tsakanin masu gudanarwa fiye da ɗaya, ta yadda in guda ɗaya cikinsu ya goge nasa da gaskiya tsohon mai kuɗi ba zai iya dawowa ba. Ta fuskar amana ci gaba ne babba. Ta fuskar fatent kuwa ya danganta da yadda aka ƙulla su, in tsarin na buƙatar sa hannun dukansu to wasiƙa ɗaya ga mafi rauninsu ta isa ta tsayar da kowa, in kuma wasu daga ciki sun isa to sai mai ƙara ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ƙasarsa da kotunsa da kuɗin lauyansa.